Zane kan tsadar kaya: me ya sa ledojin da na manna suke ɓarewa?

Tambaya: Ina koyon zane a Ƙofar Marusa, Katsina. Na fara wani aiki kan tsadar kaya, na manna takardar ₦50 da ledojin Maggi da na Indomie a kan filawud, amma da hunturu ya shigo duk suka ɓare. Ina gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara cire hamsin ɗin nan. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana yagawa ko ɓata naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla ₦50,000, ko duka biyun. Zana ta da hannunka, ka ninka girmanta sau biyar, don kada ta yi kama da jabu. Ko shahararren mai zane Andy Warhol na Amurka, a 1962, hoton dala ya buga a kan kyalle, bai manna ta ba. A ganina ma zanen ya fi ƙarfi: ka nuna lanƙwasar da ta yi a ɗaurin zane, da tabon manja, da gefen da hannun mai shayi ya cinye.

Ɓarewar kuwa daga gam take. Farin gam na kafinta sai ya shige cikin abu yake kamawa, leda kuma ba ta shan ruwa. Ga sauran maiƙo a jikinta. Da iskar hunturu ta busar da katakon ya ɗan tsuke, sai ta saki.

Wanke ledojin da omo, ka shanya su a inuwa, ka ɗan goge bayansu da sanfefa mai laushi, lamba 220. Filawud ɗin, mai kaurin milimita 6, shafa masa farin fenti na share fage sau biyu, gaba da baya, in ba haka ba zai lanƙwashe. Sannan ka manna da gam ɗin akirilik mai kauri, ka danne da littattafai kwana ɗaya. Leda mai taurin kai, ɗinke ta kawai. El Anatsui, mai sassaƙa ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, da wayar tagulla yake haɗa murafun kwalabe.

Fentin mai ba ya zama a kan leda, tsagewa yake yi. Yi amfani da fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, ka ajiye kwalbar feshin ruwa kusa, domin da hunturu cikin 'yan mintoci yake bushewa a faranti. Kada ka rataye aikin inda rana ke bugu, jan ledar ne zai fara koɗewa.