Me Ya Sa Ba Ma Jin Sabuwar Ƙa'ida Sai Ta Fara Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai shagon POS ne a cikin garin Daura, ranar Lahadi kuma nakan ci kasuwar Mai'adua. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa sai mu wayi gari mu ji an sauya ƙa'idar sana'armu, ko an ƙara wani caji, ko an sa wa'adin wata rajista, ba tare da kowa ya tuntuɓe mu ba. Wani abokina ya ce wai hukumomi sukan nemi ra'ayin jama'a kafin su zartar da irin wannan. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, a ina ake yin sanarwar, kuma maganar irinmu tana tasiri kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a warware ta, domin ba kowace hukuma ce doka ta wajabta wa neman ra'ayi ba, kuma ba kowace takarda da hukuma ta fitar ce ake iya sauya ta da shawara ba.

Da farko a bambance doka da ƙa'ida. Doka Majalisa ce ke yin ta, shugaban ƙasa ko gwamna ya sa hannu. Amma Majalisa ba ta zama ta ƙayyade nawa mai POS zai biya abokin cinikinsa a rana, ko abin da za a rubuta a jikin ledar ruwan sha. Sai ta kafa hukuma ta ba ta ikon tsara waɗannan, kamar yadda aka ba Babban Bankin Najeriya a dokarsa ta 2007, da hukumar sadarwa ta NCC a dokar 2003, da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC da aka kafa a 1993. Abin da hukuma ta tsara bisa wannan iko shi ne ƙa'ida, kuma yana hawa kanka kamar yadda doka ke hawa. Yawancin abin da ke taɓa aljihunka daga nan yake fitowa, ba daga zauren Majalisa ba.

Ƙa'ida kuwa takan bayyana da fuska uku. Akwai daftari, wato rubutun da hukuma ta baje a faifai ta ce ga abin da take shirin yi, kowa ya kawo ra'ayinsa kafin rana kaza. Akwai takardar umarni, wadda ake aika wa bankuna ko kamfanoni a ce daga rana kaza ga yadda za a riƙa yi. Sannan akwai Gazet, jaridar gwamnati da ake buga dokoki da manyan ƙa'idoji a cikinta bayan an kammala su. Daga cikin ukun nan, daftari ne kaɗai ke jiran maganarka. Sauran biyun labarin abin da aka riga aka yanke suke ba ka, kuma su ne waɗanda ke isowa kasuwar Mai'adua ta bakin mutane.

A Amurka akwai doka guda tun 1946 da ta tilasta wa hukumomin tarayya buga daftarin ƙa'ida a rajistar gwamnati, su saurari jama'a, sannan su bayyana dalilinsu in sun zo zartarwa. Mu a Najeriya ba mu da doka ɗaya da ta game dukkan hukumomi haka, sai a duba dokar da ta kafa kowacce. Dokar sadarwa ta 2003, a sashe na 71, ta ce sai NCC ta gudanar da zaman bincike da jin bahasi kafin ta kafa ƙa'ida. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ma ta wajabta wa hukumomin da ta kafa tuntuɓar masu ruwa da tsaki. Hukumar wutar lantarki ta NERC takan fitar da takardar tuntuɓa kafin wasu sauye-sauye. Babban Banki, wanda shi ne ya fi shafar sana'arka, yakan fitar da daftari idan zai kafa sabon tsari babba, ya ba da 'yan makonni a aiko da ra'ayi, amma umarni da yawa yakan fito kai tsaye.

Ka tuna da watan Disamban 2022. A ranar 6 ga watan Babban Banki ya fitar da umarnin cewa mutum ba zai ciri fiye da naira 100,000 a mako ba, a POS kuma naira 20,000 a rana. Duk wanda ya san yadda ake cinikin shanu da hatsi a kasuwannin Katsina ya san cewa naira 20,000 ba ta sayen ko ɗan maraƙi. Da koke ya yi yawa, Majalisa ta sa baki, ƙungiyoyin masu POS suka yi magana, sai a ranar 21 ga watan aka ɗaga naira 100,000 ɗin zuwa naira 500,000 a mako. A daidai wannan lokaci ne kuma ake fama da sauyin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda aka sanar a ranar 26 ga Oktoba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi. A nan Daura ne gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo ya gana da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a ƙarshen Janairu, aka ƙara kwana goma. Daga bisani gwamnatocin jihohi suka kai ƙara, kuma a ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa kamar yadda sashe na 20(3) na dokar bankin ya tanada ba, ba a kuma yi tuntuɓar da ta kamata ba, ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wannan hukunci yana da muhimmanci a wurina ƙwarai, domin ya nuna cewa sanarwa ba alfarma ba ce da hukuma ke yi in ta ga dama, sharaɗi ce da kotu ke iya rushe mataki saboda rashinta. An sake ganin tasirin koken jama'a a Mayun 2024, lokacin da aka umarci bankuna su riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura ta intanet a matsayin harajin tsaron intanet, aka kuma janye umarnin kafin watan ya ƙare.

Saboda haka maganar jama'a tana tasiri. Amma ka lura cewa duk waɗannan ihu ne bayan hari, kuma kafin a gyara mutane sun riga sun kwana a layin banki, wasu sun karyar da kayansu don su sami tsabar kuɗi, wasu jarinsu bai sake tashi ba. Gyaran da aka yi a matakin daftari ba ya cin kowa komai sai takarda da lokaci.

Game da inda ake sanarwa, amsar tana da ɗaci. Hukumomi sukan sa ta a shafinsu na intanet, da manyan jaridun ƙasa, da shafukansu na Facebook da X, wani lokaci kuma su aika wa ƙungiyoyin da suka san da zamansu wasiƙa. A jarida za ka gan ta a kwata ko rabin shafi, tambarin hukuma a sama, sunan daftarin a tsakiya, can ƙasa kuma da ƙananan haruffa ranar rufe karɓar ra'ayi da adireshin imel. Kusan kullum da Turanci take, Turancin ma na lauyoyi. A da, idan umarni ya fito daga fada, hakimi ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da mai unguwa, mai shela kuma ya zaga ranar kasuwa yana faɗa da harshen da kowa ke ji. Tsarin yau ya ba talaka damar mayar da magana, abin da shela ba ta bayarwa, amma ya kasa ta wajen isar da saƙon. A ganina hukumar da ƙa'idarta za ta hau kan miliyoyin masu jin Hausa, amma ba ta sa sanarwar minti biyu a gidan rediyon jiha ko Companion FM ba, ta cika sharaɗin takarda ne kawai, ba ta nemi ra'ayin kowa a nan ba.

Na taɓa halartar wani zaman jin ra'ayi da wata hukuma ta shirya a Abuja. Layukan gaba duk lauyoyin kamfanoni ne, kowa da takardarsa a ɗinke, sun riga sun miƙa kwafi tun makon da ya gabata. Can wajen azahar aka ba wani dattijo daga arewa dama, ya miƙe ya yi bayani mai ratsa jiki a kan yadda ƙa'idar za ta durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa, zauren ya yi tsit, aka tafa masa. Da ya zauna, sakatariyar zaman ta sunkuyo ta tambaye shi ko yana da rubutacciyar takarda, ya ce babu. Da rahoton ya fito, an bi hujjojin kamfanonin sakin layi bayan sakin layi ana amsa su, maganar dattijon kuwa jimla ɗaya ta samu. Tun daga ranar nake gaya wa duk ƙungiyar da ta nemi shawarata cewa abin da aka rubuta shi ke shiga fayil, kuma fayil shi ne abin da mai tsara ƙa'ida zai buɗe, shi ne kuma abin da alƙali zai duba in an je kotu.

Neman ra'ayi ba ƙuri'a ba ce. Hukuma ba ta ƙirga masu goyon baya da masu adawa ta bi mafi rinjaye, hujja take dubawa, don haka takarda dubu masu cewa "ba mu yarda ba" ba su kai takarda ɗaya da ta nuna inda ƙa'idar za ta karye ba. Idan za ku rubuta, ku ambaci lambar sakin layin da kuke magana a kai, ku faɗi abin da zai faru a zahiri in aka zartar da shi, sannan ku kawo abin da kuke ganin ya fi dacewa a sa a madadinsa. A nan ne kai ka fi lauyan kamfani, domin kana da abin da ba shi da shi. Littafin da kake rubuta cinikinka ya san nawa mai sayen rago yake cira a lokaci guda, ya san sa'o'in da netwok ke ɗaukewa ranar kasuwa, ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukan bakin iyaka da reshen banki mafi kusa. Mai zama a ofis a Abuja ba shi da wannan ilimi, kuma da yawansu suna maraba da shi idan ya zo a tsare. Ku cire sunayen abokan cinikinku, ku bar adadi da ranaku kawai.

Ka yi wannan ta hanyar ƙungiya, ba kai kaɗai ba. Masu sana'arku suna da ƙungiyar AMMBAN a matakin ƙasa, kuma takardar da ta fito da kan wasiƙar ƙungiya, da sa hannun shugaba da sakatare, ta fi saurin kaiwa teburin da ya dace. Ku aika ta imel ɗin da aka bayar kafin ranar rufewa, in da hali kuma ku kai kwafi reshen hukumar da ke Katsina a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Idan ƙa'idar ta fito kuna son sanin dalilin da ya sa aka yi watsi da shawararku, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman takardu a rubuce daga hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, ko da yake sau da yawa sai an bi sawu.

Idan kuwa abin doka ce ba ƙa'ida ba, ƙofar tana wurin kwamitin Majalisa, wanda yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a bayan an yi wa ƙudirin dokar karatu na biyu a zauren Majalisa, a Abuja ko a Majalisar Dokokin Jihar Katsina, kuma ɗan majalisar mazaɓarku shi ne mafi kusa da za ku ba takardarku.

Abin da zan ba ku shawara ku fara da shi ƙarami ne. Ku zaɓi matashi ɗaya a cikinku mai jin Turanci, ku saya masa data, aikinsa shi ne ya buɗe sashen takardun umarni da daftari a shafin Babban Banki da na hukumar rajistar kamfanoni sau ɗaya a mako. Idan ya ga sabuwar takarda, ya fara duba ko daftari ce ko umarni, ya rubuta ranar rufewa, sannan ya karanta muku ita da Hausa a zamanku na gaba, ko ya ɗauki muryarsa ya tura a zaurenku na WhatsApp tun kafin ranar Lahadi.