Ɗana yana wasa da takalmi mai taya a kan titi: wasa ne ko ganganci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 16 ya sayi takalmi mai taya, har an gaya mini an gan shi ya riƙe bayan Keke Napep a titin Ali Akilu. Da na yi masa faɗa sai ya nuna mini bidiyon Turawa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara da hawan igiyar ruwa, wai har a gasar Olamfik ana yi. Yanzu kuma maganar iyo a Kogin Kaduna yake. In hana shi gaba ɗaya ne? Daga wata uwa a Unguwar Kanawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba. Zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara ta shiga Olamfik a 1998 a Nagano ta ƙasar Japan. Allo mai taya da hawan igiyar ruwa da hawan bango sun shiga a gasar Tokyo da aka yi a 2021, inda wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare. Takalmi mai taya irin nasa kuwa ba ya cikin wasannin da ake ba wa lambar yabo a Olamfik ta manya, kodayake yana da nasa gasannin. Riƙe bayan abin hawa ba ya cikin kowace gasa a duniya. Wannan sunansa ganganci.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shirin da ke bayan kowace kasada. A garin Nazare na ƙasar Fotugal, inda Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiyar ruwa mai tsayin sama da mita 26 a 2020, mai hawan ba ya shiga teku shi kaɗai. Akwai mai babur ɗin ruwa da ke jiran ya tsamo shi, akwai mai sa ido daga kan tudu da na'urar magana, shi kuma yana sanye da rigar da ke ɗago mutum sama. Masu zamiya a tsaunukan da dusar ƙanƙara ke zaftarewa suna ɗaukar na'urar gano wanda aka binne da shebur, domin in ba a tono mutum cikin kamar minti 15 ba, damar samunsa da rai tana raguwa sosai. Duk da haka ana jin ciwo. Michael Schumacher, zakaran tseren mota, yana sanye da hular kwano lokacin da ya bugi dutse yana zamiya a kan dusar ƙanƙara a Faransa a Disamban 2013, kuma bai koma rayuwarsa ta da ba.

Maganar ƙanƙara kada ta hana ki barci, ba mu da ita. Ko 'yan matan da suka wakilci Najeriya a tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu a 2018, su Seun Adigun, a Amurka suka taso.

Kogin shi ne inda zan ce ki tsaya tsayin daka. Ruwan Kaduna a watannin Agusta da Satumba yakan cika ya yi ƙarfi, ya yi jawur, ba a ganin dutse ko reshen da ke ƙasa. Da rani ma da yake janyewa, akwai ramukan da masu haƙar yashi suka bari, mutum na tafiya ruwa iya gwiwa sai ya ji babu ƙasa. Ga kuma cutar tsargiya a ruwan da ba ya gudu sosai. Wanda ya iya iyo a kwamin wanka bai iya kogi ba tukuna. In yana son ruwa, a kai shi wurin koyon iyo mai malami da mai ceto.

Takalmin kuwa, ni ban ga dalilin ƙwace shi ba. Yaro a wannan shekarun in an hana shi a gida, a ɓoye zai yi, kuma babu kayan kariya. Ku zauna da mahaifinsa ku gindaya sharuɗɗa: babu titi, babu riƙe mota, babu wasa bayan magariba. Ya nemi fili mai daɓen siminti wanda mota ba ta shiga, kuma kada ya je shi kaɗai. A saya masa hular kwano da ta zauna daidai a kansa, da kariyar gwiwa da gwiwar hannu, musamman ta wuyan hannu, don mai faɗuwa da tafin hannu yake tokarewa, nan ne karaya ta fi yawa. Ya fara koyon tsayawa da yadda ake faɗuwa kafin ya nemi gudu.

Abu ɗaya kada a yi sakaci da shi: in ya bugu a ka, sannan kika ga amai ko jiri ko yawan barci ko ruɗewa, a wuce asibiti a take ko da babu jini a waje. Hular da ta sha bugu mai ƙarfi kuma a canza ta, ko ba a ga tsagewa ba.