Amsa: Dare da haƙar ma'adinai a wasan bidiyo na Minecraft

Ɗan'uwa, ka ce dodanni na kashe ka kowane dare kafin ka samu ƙarfe. Yini da daren wasan minti 20 ne kacal, don haka gari na wayewa sari itace, haɗa teburin ƙira, nemi ulun tumaki uku mai launi ɗaya don gado, domin kwanciya a kansa na tsallake dare. In magariba ta riske ka ba gado, haƙa rami a jikin tudu ka toshe bakinsa da ƙasa. Ba kwal? Ƙona gungume a murhu, gawayin ma na yin fitila.

Don Allah kada ka haƙa ƙarƙashin ƙafarka, narkakken dutse na iya jiranka. Yi haƙarka kamar matakala, riƙe bokitin ruwa don kashe narkakken dutsen. Tun sabuntawar 2021 lu'ulu'u ya fi yawa wajen Y -59 (Y lamba ce mai nuna zurfin inda kake, wato can ƙasa sosai ke nan), kuma sai da diga ta ƙarfe yake fita.