Injin yankan katakona yana ihu amma ba ƙarfi, kada ya buga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin yankan katako ƙirar Stihl da na karɓa bashi, ban gama biya ba. Ya yi wata huɗu a ajiye da damina, da mai a cikinsa. Da na ɗauko shi sai na yi ta ja kafin ya tashi, kuma da ya shiga itace sai ƙarfinsa ya faɗi ya mutu. Na canza fulogi, ba canji. Wani makanike ya ɗaure sukurun H na jikin kafireta, yanzu yana ihu sosai amma yana zafi, kuma har yanzu yana mutuwa. Tsorona kada ya buga kafin in sallami mai shi. Daga Bali, Jihar Taraba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sake tayar da shi. Kwance salansa ka leƙa fistin ta ramin hayaƙi. In yana sumul, Allah ya rufa asiri. In ka ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, ɓarna ta riga ta fara.

Abin da ka kwatanta ya fi kama da robar kafireta, wadda muke ce wa dayafaram. Fetur da ya kwana wata huɗu yana busar da ita. Buɗe murfin kafireta da ke da ɗan rami, ka ciro robar mai ƙarfe a tsakiya, ka lanƙwasa ta da yatsa. Mai lafiya laushi gare ta kamar fatar da aka jeme. Wadda ta mutu za ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganyen masara. Ɗaya gefen kuma akwai robar famfo mai 'yan harsuna biyu. Su kwanta lif a jikin kafireta. In sun tanƙware, mai ba zai hau ba. Duba ƙaramar ragar da ke wannan gefen, da tiyon mai, da tiyon da ke kawo bugun iska daga cikin inji, don tsaga ɗaya ta isa ta ba ka wannan ciwon.

Sayi sabbin robobin da lambar da ke jikin kafireta, ko Walbro ce, ko Zama, ko Tillotson. Wajen mayarwa mutane ke kuskure: a gefen allura, wato gefen robar mai ƙarfe a tsakiya, gasket ke fara kwanciya, roba ta biyo, a gefen famfo roba ke fara kwanciya, gasket ya biyo.

Yanzu maganar sukurun H, mai saita yawan man da inji ke sha a babban gudu, wadda ita ta fi ci mini rai. Kusan kowane mako sai an kawo mini injin da aka kashe ta wannan hanya. Mutanenmu sun ɗauka ƙara ita ce ƙarfi. Makanike ya ɗaure H, inji ya ɗauki ihu, mai shi ya yi murmushi ya biya. Alhali rage masa mai aka yi. Wannan inji ba shi da tankin baƙin man da ke shafa cikinsa. Man da ke shafa fistin da ringi da boris a cikin fetur yake tafiya. Ka rage fetur, ka rage man shafawa, ka kuma rage abin da ke sanyaya shi, a daidai lokacin da gudunsa ya ƙaru. Naka da ma yunwa yake ji saboda busasshiyar roba, sai aka ƙara shaƙe masa wuya. Na taɓa buɗe wani da ya yi yini ɗaya kacal a haka: gefen fistin na wajen salansa ya narke ya manne da ringi, mai shi na tsaye yana rantsuwa jiya kamar sabo yake kuka. Kuɗin fistin da silinda ya ninka na roba sau da yawa.

Injin da aka saita daidai, in ka ba shi wuta ba itace, za ka ji muryarsa da ɗan gurnani, sai ya shiga itace ta washe. Bayan ka canza roba, ɗaure H da L (sukurun ƙaramin gudu) a hankali har su tsaya, ban da ƙarfi, sannan ka kwance gwargwadon abin da littafin injin ya ce. A yawancin tsofaffin Stihl zagaye 1 ne.

Masu jiƙa tsohuwar roba a man birki, da masu zura waya a ramukan kafireta, ku ji tsoron Allah. Robar za ta yi laushi na 'yan kwanaki ta sake ƙagewa a tsakiyar daji, ramin da waya ta buɗa kuwa ba ya komawa. Wanda ya kawo muku inji, abincin iyalinsa ya miƙo muku, kuma ga irin wannan bawan Allah da bashi a wuya.

Kai kuma ka riƙa auna gaurayenka. Da man tu-sitirok na Stihl, mililita 100 ne a lita 5 na fetur. Kada baƙin man mota ya shiga ciki. In za ka ajiye shi ya wuce wata, juye tankin, ka tayar da shi a silo har ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.