Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Abin da Likita Yake Nufi da "Ɗaya Cikin Huɗu"

Tambayoyin wannan makon sun shafi cututtuka daban-daban, amma na haɗa su wuri ɗaya saboda dukkansu suna komawa ga lissafin yiwuwa, wato alƙaluman da mu likitoci muke ambatawa a ɗakin ganin marasa lafiya, sau da yawa cikin gaggawa saboda dogon layin da ke waje, har mutum ya koma gida da fassarar da ba ita muke nufi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da wanda zan aura mun yi gwajin jini, dukkanmu AS ne. An ce mana ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne yake zuwa da sikila. Shi ya ce idan muka tsaya a 'ya'ya uku za mu tsira. Haka ne? Daga wata budurwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Lissafin maneminki ba daidai ba ne, kuma ina so ki karanta wannan amsa a tsanake, ki kuma nuna masa. Kowannenku yana ɗauke da ƙwayar gado biyu, A da S, kuma a kowane ciki jariri yana karɓar ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Hanyoyin haɗuwarsu huɗu ne kacal: A da A, A daga gare ki da S daga gare shi, S daga gare ki da A daga gare shi, sai kuma S da S. Daga nan aka samo kashi 25 cikin 100 na AA, kashi 50 na AS, da kashi 25 na SS, wanda shi ne mai sikila.

Ki ɗauka an zuba goro huɗu a ƙwarya, uku farare, ɗaya ja, aka ce ki rufe ido ki zaro ɗaya. Abin da mutane suke mantawa shi ne, bayan kowane zari ana mayar da goron cikin ƙwaryar a girgiza, saboda haka jan goron yana nan a zari na farko, yana nan a na biyu, yana nan a na goma. Ɗan fari yana iya zuwa da sikila, kuma zuwansa ba ya kare wanda ke bi masa. Idan aka lissafa, yiwuwar 'ya'ya uku su tsira gaba ɗaya ita ce 27 cikin 64, kusan kashi 42 cikin 100 ke nan, abin da ke nufin a cikin iyalai 100 irin naku da suka tsaya a 'ya'ya uku, kusan 58 za su sami aƙalla mai sikila ɗaya. Idan 'ya'yan sun kai huɗu adadin yana hawa zuwa kusan 68, idan sun kai shida ya kai kusan 82. Haka kuma iyali ɗaya cikin kowane 16 za su ga 'ya'yansu biyu na farko duka sun zo da cutar.

Wannan ɗaya cikin huɗu ya samo asali ne daga aikin Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau, wanda ya gabatar da bincikensa a kan wani nau'in wake a 1865. Ya ƙirga ƙwaya 7,324, ya sami 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, kusan uku da ɗaya cif. Amma shi da kansa ya rubuta cewa wata shuka ɗaya ta ba shi masu santsi 43 da masu tamoji 2 kawai, wata kuma ta ba shi 14 da 15. Tsarin yana bayyana ne idan an tara da yawa. A gida ɗaya mai 'ya'ya uku ko biyar komai yana iya faruwa, shi ya sa za ki ji wani yana cewa shi da matarsa AS ne kuma 'ya'yansu biyar ƙalau suke. Gaskiya ya faɗa, sai dai dacensa ba hujja ba ce gare ki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, kuma jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti ya san abin da ke bayan waɗannan alƙaluma: yaro yana murƙususu da ciwon ƙashi cikin tsakar dare, idanunsa sun yi rawaya, uwa tana danna masa ƙafa tana hawaye, uba yana zagaye neman wanda zai ba da jini. Ki sake gwajin a amintaccen ɗakin gwaje-gwaje, domin ana samun kuskure. Idan sakamakon bai canza ba, hukunci naku ne da iyayenku, amma tunda kin tambaye ni, shawarata ita ce ku haƙura tun kafin a sa rana, duk da na san nauyin wannan magana a zuciyarki.

Tambaya: Likita, 'ya'yana biyar duka mata ne. Dangin mijina suna yi mini gori, wasu kuma suna cewa in yi sauri in ƙara, wai bayan mata biyar na shida dole namiji ne. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Malama, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Babu dole a nan. A kowane ciki yiwuwar namiji ko mace tana kusa da rabi da rabi, da ɗan rinjaye kaɗan ga maza, domin a duniya ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowace mata 100. Ciki na shida bai san abin da ya faru a biyar ɗin da suka gabace shi ba. Samun mata biyar a jere kuma ba alamar wata cuta ba ce, domin a cikin iyalai 32 masu 'ya'ya biyar ana sa ran kusan ɗaya ya kasance duk mata, wani ɗaya kuma duk maza. A gari mai girman Maraɗi wannan gidaje ne masu ɗimbin yawa.

Wani masanin lissafi mai suna John Kerrich, wanda aka tsare a wani sansani a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ta jefa kuɗin ƙarfe sama har sau 10,000 yana rubuta sakamakon, fuskar da ke da hoton kai ta fito sau 5,067. Jimillar ta kusanci rabi sosai, amma a cikin jifa mai yawa haka ba makawa a sami wuraren da fuska ɗaya ta fito sau biyar ko shida a jere, kuma ba wani abu da ke tilasta wa jifa na gaba ya gyara lissafin. Yawan jifa ne kawai yake shanye irin waɗannan jerin.

Game da gorin, ƙwan mace kullum ƙwayar gado da ake kira X yake ɗauke da ita, maniyyin namiji ne yake zuwa da X, wadda ke ba da 'ya mace, ko Y, wadda ke ba da ɗa namiji, kuma shi ma namijin ba shi da ikon zaɓen wanda zai riga isa. Saboda haka babu mai laifi a cikinku, kyauta ce daga Allah. Abin da ya fi damuna shi ne maganar yin sauri. Haihuwa kusa da kusa tana ƙara haɗarin ƙarancin jini da haihuwar bakwaini, shi ya sa ake ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

Tambaya: Na je ba da jini ga ɗan uwana, aka yi mini gwajin HIV na gaggawa, aka ce ya nuna alama, in dawo a sake. Ma'aikacin ya ce gwajin yana yin daidai kashi 99 cikin 100. Ke nan babu sauran fata? Ban taɓa yin abin da zai jawo mini ba. Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, ka koma a sake gwajin kamar yadda aka ce, kada tsoro ya hana ka. Kashi 99 da aka gaya maka amsar wata tambaya ce daban, wato idan mutum yana da cutar, sau nawa gwajin yake gano ta. Tambayarka kuwa ita ce, tunda gwajin ya nuna alama, mene ne yiwuwar cutar tana nan da gaske. Waɗannan biyun suna iya yin nisa da juna ƙwarai, har likitoci ma sukan rikita su.

Bari mu ƙaddara misali domin a gani. A ce an gwada mutum 10,000 a wurin da mutum 1 cikin 100 yake da cutar. Masu cutar 100 ne, gwajin zai gano 99 daga cikinsu. Masu lafiya 9,900 ne, kuma idan gwajin yana kuskure a kan 1 cikin 100, zai nuna alama a kan 99 daga cikinsu alhali ba su da komai. Jimillar waɗanda aka ce sun nuna alama 198 ke nan, kuma rabinsu lafiyarsu ƙalau. Gwajin bai lalace ba, ƙarancin cutar a cikin jama'ar da aka gwada ne ya sa ƙaramin kuskure ya yi wannan tasiri. Da a ce a cikin marasa lafiyar da suka zo da rama da tari da gudawa mai tsawo aka yi gwajin, da kusan duk wanda ya nuna alama yana da cutar. Tushen wannan lissafi yana cikin rubutun Thomas Bayes na Ingila, wanda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa.

Wannan ne dalilin da ba a yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai gwaji uku mabambanta sun nuna alama a jere kafin a tabbatar wa mutum yana da cutar. Idan ta tabbata, akwai magani kyauta a asibitocin gwamnati, kuma masu shan sa yadda ya kamata suna rayuwa mai tsawo cikin ƙoshin lafiya. Kafin sakamako na ƙarshe ya fito, ka kare iyalinka. Irin wannan matsala, da ma wadda ta fi ta, tana tattare da gwajin Widal da ake yi wa kusan duk mai zazzaɓi a ce masa yana da taifod. Gwajin yana yawan nuna alama a kan mutanen da ba su da ita, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha a banza saboda shi ya yi yawa.

Tambaya: Kakana ya sha taba har ya haura shekara 90. Me ya sa kuke tsorata mu? Daga wani matashi a Kumasi.

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, amma ka tuna cewa abokansa da taba ta kashe suna da shekara 50 ba su nan balle su ba ka nasu labarin. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin diddigin likitocin Birtaniya maza sama da 34,000, aka ci gaba har shekara 50. An gano cewa masu shan taba suna rasuwa kusan shekara 10 kafin takwarorinsu, kuma kusan rabin waɗanda ba su daina ba ita ce take zama sanadin ajalinsu. Ɗaya rabin kuma, wanda kakanka yake ciki, babu gwajin da zai gaya maka tun yanzu ko kana cikinsa. Binciken ya nuna wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yana dawo da kusan dukkan shekarun nan goma, wanda ya daina yana da 50 kuma kusan shida.

Tambaya: Likita, na daɗe ina fama da ciwon gwiwa, na sha wani jiƙo na sami sauƙi cikin mako ɗaya. Me ya sa ku likitoci ba ku yarda da shaidar wanda ya sha ya warke? Daga wani dattijo a Sakkwato.

Amsa: Baba, na yarda ka sami sauƙi, kuma ina taya ka murna. Abin da ba za a iya sani daga labarin mutum ɗaya ba shi ne ko jiƙon ne ya kawo sauƙin. Ciwon gaɓoɓi yana tashi yana kwanciya, kuma mutum yakan nemi magani ne a ranar da ciwon ya fi tsananta, lokacin da dama abin da ya fi yiwuwa ya biyo baya shi ne ɗan sassauci, ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Maganin asibiti ma yana cin wannan yabo da ba nasa ba, saboda haka ma'auni ɗaya muke ɗora wa duka biyun.

Ma'aunin shi ne a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wani gida maganin, a kwatanta shi da ɗayan. Amfanin ƙuri'a shi ne ba ta da son kai. Idan likita ne ya zaɓa da kansa, yana iya ba masu ƙarfin jiki sabon maganin ko da bai yi niyya ba, amma ƙuri'a tana rarraba tsofaffi da matasa, masu tsananin ciwo da masu sauƙi, kusan daidai a gidajen biyu, har da bambance-bambancen da babu wanda ya san da su. Shahararren gwaji na farko irin wannan shi ne wanda aka buga sakamakonsa a Birtaniya a 1948, a kan maganin streptomycin na tarin fuka. An sa lambobin ƙuri'a a cikin rufaffun ambulan, mutum 55 suka sami maganin, 52 kuma aka bar su a kan hutun gado, wanda shi ne kulawar da ake da ita a lokacin. Bayan wata shida, 4 ne suka rasu a gida na farko, 14 a gida na biyu.

Maganin da ya fito daga tsirrai yana iya cin wannan jarrabawa. Artemisinin da muke kashe zazzaɓin cizon sauro da shi a yau daga wani ganye aka samo shi da Sinawa suka daɗe suna amfani da shi, kuma Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a kansa a 2015. Amma jiƙon da ake sayarwa a kwalba ba tare da an san abin da ke ciki ba yana iya taɓa ƙoda ko hanta, musamman ga mai shekaru ko mai hawan jini, kuma an sha gano wasu haɗe-haɗen da aka zuba musu maganin kashe ciwo na asibiti a ɓoye. Idan za ka je ganin likita, Baba, ka tafi da kwalbar a hannunka, ka gaya masa yawan da kake sha da tsawon lokacin da ka yi kana sha, sannan ka roƙa a auna maka jini a duba lafiyar ƙodarka.