Fili nawa, kuɗin gini nasa, yanzu yana so ya sayar

Malam, wato kai ka ba da filin gadonka a bakin titin Ringim, abokinka ya sa kuɗin bulo da siminti da kwano kuka yi shaguna, yanzu ya samo mai saye ba da saninka ba, kana tambaya ko yana da iko? Gaskiya ba shi da shi. Kasonsa kawai zai iya sayarwa, shi ma kai ka fi cancanta ka saya kafin bare tunda ba ku raba ba, shi ne malamai ke ce wa shuf'a.

Amma fa sai kana da shaida. Ni haka ta faru da ni da ɗan kawuna, da baki muka yi magana bayan sallar isha'i, dattijon da ya shaida ya rasu, da muka je gaban alƙali abin da ya fara tambaya takarda, wallahi rasit ɗin siminti da na cusa a leda su suka cece ni. Kar ka yi saurin zuwa kotu, ku fara zuwa wajen dagaci a ƙiyasta kuɗin fili da na gini, a rubuta kason kowa, shaidu biyu su sa hannu.