Tambaya da amsa: Agogon da zai hana tarho ƙara da dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Mahaifiyata ta tsufa, tana fama da ciwon zuciya, barci kuma ba ya ɗaukarta da sauƙi. Akwai wayar girke a ɗakinta, tsohon tarho mai ƙararrawar ƙarfe, shi ta saba da shi, ba ta yarda da salula ba. 'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje ba sa lura da bambancin lokaci, sai su kira ƙarfe biyun dare, ta zabura gabanta yana dukan uku-uku, daga nan kuma ita da barci sai gobe. Wani mai gyaran wuta ya ce zai ɗaura mana taima irin ta fitilun waje, ta riƙa yanke layin daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Na amsa masa, amma tun jiya hankalina ya ƙi kwanciya. Idan jikinta ya tashi cikin dare fa? Don Allah a ba ni shawara kafin ya zo.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Ki kira mutumin nan yau ki ce ya dakata. Rashin kwanciyar hankalin da kika ji yana kan hanya.

Abin da ke damun Hajiya ƙararrawa ce. Abin da yake shirin kashewa layi ne. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma rikita su shi ne kuskuren da na fi cin karo da shi a wannan aiki. A cikin tarho, ƙararrawar da kafasitarta (ɗan abin da ke barin wutar ringin kaɗai ta isa ga ƙararrawar) reshe guda ne da aka rataya a kan silin waya biyun da suka shigo gida. Ɓangaren magana da buga lamba reshe ne na dabam. Ana iya katse na farko, na biyu yana nan da ransa: tarhon ya yi shiru, amma da zarar an ɗaga, ga sautin layi, a buga lambar da ake so. Wanda ya yanke silin daga bango kuwa ya kashe duka biyun. Daga 10 na dare zuwa 6 na safe, awa takwas ke nan a kowace rana mai ciwon zuciya tana kwance kusa da tarhon da ba shi da maraba da dutse. Kuma waɗannan su ne sa'o'in da kowa ke barci, ba mai leƙowa ɗakin, ba wanda za ta iya ɗaga wa murya ya ji. An yi gudun gara an faɗa zago.

Masu wannan gyara kullum amsarsu ɗaya ce: "Ai idan abu ya taso sai a danna maɓallin taimar a dawo da layin." Wa zai danna? Tsohuwar da numfashi ke mata wuya, a cikin duhu, ita ce za ta lallaba bayan gado ta nemo wani ƙaramin maɓalli? Ko ke, da kika farka a firgice, za ki tuna cewa wata uku da suka wuce an ɗaura wani akwati a bayan kabad? Mutum a cikin tashin hankali ɗaga waya yake yi, in ya ji ɗif sai ya kama jijjiga ta yana ƙara bugawa. Minti biyun da za a ɓata a nan ba na wasa ba ne. Ga kuma abin da ba sa tambaya kafin su sa filaya: me kuma ke rataye a kan layin? A gidaje da yawa na'urar ƙararrawar ɓarayi ko ta gobara ta wannan layin take kiran waje. Maɓallin neman agaji da ake rataya wa tsofaffi a wuya, akwatinsa ta layin yake bugawa. Intanet ɗin ADSL, wato mai bi ta layin tarho, shi ma a kan silin nan biyu yake tafiya. Duk su mutu lokaci guda, kuma mai yiwuwa babu wanda zai sani, domin layin da aka yanke ba ya kuka. Shi mai kira daga waje zai ci gaba da jin sautin ringin yadda ya saba, saboda cibiyar kamfani ce ke aika masa wannan sautin, ba tarhon gidanku ba.

An taɓa kirana wani gida da aka yi makonni ana ƙorafin layi yana mutuwa. Ma'aikatan kamfani sun zo sau uku, kullum da rana, su gwada su ce lafiya lau, su rubuta a takarda su tafi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi mai gidan ƙarfe nawa abin yake faruwa. Da na bi silin, sai na iske taima a cikin rufin ɗaki, wanda ya zauna a gidan kafin su ne ya sa aka ɗaura. Mutanen nan sun gano layinsu ba ya aiki da dare ne ranar da yaronsu ya kwana da zazzaɓi mai zafi suna neman mota. Allah ya kiyaye, yaron ya warke, amma har yau idan na ji an ce "a yanke layin kawai" raina ɓaci yake yi.

Wannan kuskure yana da 'yan'uwa da ba a gane su da wuri. Akwai masu ajiye kan tarhon a gefe kafin su kwanta. Cibiyar kamfani za ta ɗauka ana amfani da layin, bayan ɗan lokaci a wurare da yawa ta aiko da wata ƙara mai tsanani don a mayar, sannan ta kulle layin. Duk mai kira ya ji layi a cike, har wanda ke da labarin da bai kamata ya kwana ba. Akwai masu sa taima a soket ɗin tarho mara igiya. Gindin irin wannan tarho da wutar gida yake aiki, in aka kashe shi na hannun ba shi da amfani ko da batirinsa a cike yake. Akwai kuma waɗanda tarhonsu a jikin akwatin intanet yake maƙale, kamar yadda kamfanoni ke mayar da mutane yanzu a ƙasashe da dama, su sa wa akwatin taima don yara su daina kwana a waya. Sun kashe tarhon gidan tare da shi ba su sani ba.

Sai kalmar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarki: "irin ta fitilun waje". Wannan taimar ba tsirarar makunni ba ce. Aikinta ta ɗauki wutar gida, bolt 230 ko 120 gwargwadon ƙasa, ta fitar da ita ta ɗaya bakin idan lokaci ya yi. Layin tarho bolt 48 ne irin na batir idan yana ajiye, ya sauko ƙasa da 12 idan an ɗaga, lokacin ringin kuma a ɗora masa wajen 75 zuwa 90 mai kai-da-komo sau 20 ko 25 a daƙiƙa. Don wannan aka yi siraran silinsa da rufinsu. Wanda ya haɗa su da bakin taimar fitila ya tura wutar gida cikin abin da Hajiya za ta kara a kunnenta, ya kuma tura ta waje kan igiyar kamfani, inda wani ma'aikaci zai iya kamawa da hannu a kan falwaya yana zaton bolt 48 ne. Wasu taimomin da ake ɗaurawa a allon wuta an rubuta musu cewa makunninsu a ware yake, amma sai ka buɗe ka iske an yi gada tsakanin bakin shigar wuta da bakin makunnin. Ba a yarda da rubutun kwali, da mita ake gwadawa. Ki tambayi mai gyaran nan bolt nawa ne ke kan layin tarho idan yana ringin. In ya ce miki "ai wayar tarho ba ta da wuta", ki biya shi kuɗin motarsa ki sallame shi. Iya haɗa fanka da fitila bai mai da mutum masanin tarho ba, kuma gyaran gangar Auzinawa da ake yi a wannan fanni yawanci daga masu wannan zato yake fitowa.

To, yaya za a yi? Ki fara da abin da ba ya buƙatar sukundireba. Ki juya tarhon ki duba ƙarƙashinsa ko gefensa. Da yawa suna da ɗan madanni ko ƙafar juyawa ta rage ƙara, wasu har kashewa. A tsofaffin tarhon Amurka samfurin 500 an sa wa wannan ƙafar wani ɗan ƙarfe da ke hana mai gida kai ta ga shiru gaba ɗaya, sai ma'aikacin kamfani ya zo ya cire. Su ma tun lokacin sun san haɗarin tarhon da ba a jinsa. Sannan ki sa tarho na biyu mai igiya a ɗakinki, a kan layin guda, da ƙararrawarsa a kunne. Na Hajiya ya yi shiru, naki ya yi ƙara. Kiran dare ya zo miki, ita kuma duk sa'ar da ta ɗaga nata za ta iya bugawa. A ganina wannan ya fi kowace taima, domin ba a bar gidan ba kunne ba. Layi ɗaya yana ɗaukar ƙararrawa da dama. Iyakar da aka sa jimillar 4 ce a Birtaniya, 5 a Amurka, a ma'aunin nauyin ƙararrawa a kan layi da ake rubutawa REN a ƙarƙashin tarho, kuma yawancinsu 1 ne ko ƙasa da haka. Biyu ba za su dami layin ba.

Idan dai lallai kina son abin ya riƙa yin kansa da kansa, don kada a manta a kunna da safe, ga yadda mai sanin aiki zai yi. Taimar soket ta tsaya can a bango, abin da za a soka mata shi ne ƙaramar adafta mai fitar da bolt 12. Wannan bolt 12 ɗin ya je ga rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke sarrafawa maimakon hannu. Bakin rilen shi ne zai shiga tsakanin sili ɗaya na ƙararrawar a cikin tarho, ba silin layi ba. Ta haka wutar gida ba ta ko kusanci tarhon ba. A zaɓi rilen da bakinsa ke jure bolt 250, don na ringin ya wuce a sake. Abin da ya fi muhimmanci, a yi amfani da bakin da yake a haɗe lokacin da rilen ba shi da wuta. Taima ta kunna da dare, rile ya ja, ƙararrawa ta katse. Idan aka ɗauke wuta, ko adafta ta ƙone, ko wani ya zare filogin, rile ya saki, ƙararrawa ta dawo. Duk lalacewar da za ta faru, a ƙare da tarho mai ƙara. Tashin Hajiya dare ɗaya ya fi sauƙi a kan tarhon da ya yi mako a bebe ba a lura ba.

Ki guji taima mai faifai da haƙora da ke juyawa da ƙaramin mota. Ita ba ta san lokaci ba, juyawa kawai take yi muddin akwai wuta. A ɗauke wuta awa uku, ta koma baya da awa uku, shirun da kika tsara daga 10 zuwa 6 ya koma daga 1 na dare zuwa 9 na safe: a tashi Hajiya da sha biyu, likita kuma ya kira da takwas ba a ji ba. Ki nemi mai lambobi da ke da batirin riƙe agogo a ciki.

A gidajen da aka yi wa haɗi irin na Birtaniya, kafasitar tana cikin babban soket na farko, kuma akwai sili na uku, mai lamba 3, da ke kai wa ƙararrawa wuta. Layin kansa yana kan 2 da 5. Katse na 3 yana rufe bakin tsofaffin tarho, amma sababbi da yawa suna da tasu kafasitar a ciki, za su ci gaba da ƙara. Yawanci daga babban soket zuwa waje kayan kamfani ne, ba a taɓawa, haka ma tarhon da kamfani ya ba da haya. Kuma a zare igiyar tarhon daga bango kafin a kwance shi, domin bolt 90 na ringin yana fizgar hannu sosai; kada kuma a yi aikin ana tsawa.

Da Hajiya za ta yarda da sabon tarho, da yawa daga cikin marasa igiya suna da tsarin shirun dare a cikinsu, har da zaɓen lambobin da za a bari su shigo. Salula ma haka: a iPhone ana iya barin kira na biyu daga lamba ɗaya ya shigo idan ya zo cikin minti 3, a Android cikin minti 15. Amma tunda ta saba da nata, a bar mata shi. Tsoho a cikin ruɗani abin da hannunsa ya sani yake kamawa.

'Yan'uwan nan na waje kuma a gaya musu gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Yawancin wayoyin salula suna nuna agogon garin da mutum yake so. Wanda zai kira uwa mai ciwon zuciya, duba ƙarfe nawa ne a wurinta yana cikin hakkinta a kansa. Ki ba su lambarki ta dare, ki ce duk abin da ba zai jira safiya ba ke za a nema.

Ranar da aka gama aikin, kada ki sallami mai gyaran sai kin gwada da kanki a gabansa. A sa taimar a kan shiru, ki ɗaga tarhon Hajiya ki ji sautin layi, ki buga lambar salularki ki ga ta shigo. Ki kira gidan daga salula, nata ya yi shiru, naki ya yi ƙara. Sannan ki zare filogin taimar daga bango ki sake kira. Idan tarhon Hajiya bai yi ƙara ba a wannan karon, an haɗa rilen a baibai, a kwance a sake.